Amanar Gogo Barira

A unguwar Mayo babu wanda bai san sandar Gwadabe ba. Wata na'ura ce mai doguwar ƙota da faifai a bakinta, idan aka bi da ita bisa ƙasa sai ta yi kuka duk inda ta ji ƙarfe. Mutanen wurin jihaz suke ce mata. Ya saye ta ne shekarar da zazzaɓin zinariya ya kama kowa, har direbobin raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, suka ajiye makulli suka nufi hamadar arewa. Wata huɗu ya yi a can, ya dawo ramamme, baƙi ƙirin, babu ko ƙwayar zinariya, sai jihaz a kafaɗa. Ya koma garejinsu na Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya ci gaba da gyaran wayar mota, amma ƙaiƙayin tono bai sake shi ba. Kowace Juma'a da sassafe sai ya haye gada zuwa Umdurman, ya bi bakin kogi yana shafar ƙasa har a kira salla. Abin da yake dawowa da shi kuwa, tsofaffin kwabbai ne da aka daina ci, da kwanson harsashi, da cokula marasa kai. Yana jera su a wani tsohon akwati, kai ka ce kayan lefe ne.

Matarsa Mero ba ta raga masa. "Mazan mutane nama suke shigowa da shi ranar Juma'a," in ji ta, "nawa mijin tsatsa yake kawo mini." Shi dai sai ya yi dariya ya ci gaba da goge kwabbansa.

Wata Laraba da la'asar ya dawo daga aiki ya tarar da Gogo Barira zaune a tsakar gidansa. Maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, jikar wani mutumin Katagum da ya taso aikin hajji da ƙafa, tafiya ta ajiye shi a nan. Ita ce ma'ajiyar unguwa. Matar da za ta yi tafiya, ko wadda take tsoron hannun ɗanta, wurin Gogo take kai kayan adonta, babu takarda, babu shaida. Shekara arba'in ke nan, ko allura ba a taɓa cewa ta ɓace a hannunta ba, kuma ba ta da wata dukiya a duniya da ta wuce wannan suna.

Abin da ya fara ba Gwadabe tsoro shi ne finjalin gahawa da ke gabanta, ya huce ba ta taɓa ba. Gogo da ba ta tashi sai ta sha uku.

Bayan gaisuwa ta ce, "Gwadabe ɗana, sandar nan taka tana jin zinariya, ko ƙarfe kaɗai take ji?"

"Tana ji, Gogo. Zinariyar ce dai ba ta taɓa yarda mun haɗu ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta sa Mero ta tura ƙofa, sannan ta rage murya ta ba su labari.

Shekara uku da suka wuce, Kubra mai sayar da kisira, wato wainar dawa mai faɗi, wadda ta zauna a Mayo kafin ta koma Umdurman, ta kawo mata ajiya: awarwaro huɗu, da sarƙa, da 'yan kunne, duk na zinariya. Shekara ashirin ta yi tana ƙona yatsu a kan kasko kafin ta haɗa su, don ranar auren 'yarta Ni'mat. Gogo ta zuba su a gwangwanin shayi, ta naɗe da leda, ta lulluɓe da yumɓu ya zama curi, kamar yadda ta ga uwarta tana yi, ta binne a ƙarƙashin kan gadonta, zurfin kamu ɗaya. Bana sai 'yar Gogo ta haihu a Umdurman, tsohuwar ta tafi zaman jego na kwana arba'in. Tana can aka yi ruwan nan na kwana biyu da ya kwantar da rabin unguwa, ɗakinta ya zube.

Sauran labarin Gwadabe ya sani, don da shi aka yi. Mazan unguwa suka haɗa gayya, wadda a nan ake ce wa nafir, maginin unguwa Usta Idirisu yana gaba, suka tayar mata da ɗaki da katanga kafin ta dawo. Ta dawo ta gani, ta yi kuka, ta sa musu albarka. Da aka watse ta rufe ƙofa ta hau tono da tsohuwar wuƙa da kwano. Kwana uku tana tono, babu curi, babu alamarsa.

"Jibi Juma'a Kubra za ta zo karɓa," in ji Gogo. "Biki mako mai zuwa ne."

Mero ta ce, "To Gogo, a tambayi mutanen nafir ɗin mana, ko wani ya gani."

Tsohuwa ta ɗago ta dube ta. "Mutum goma sha huɗu suka bar sana'arsu suka taka laka saboda ni, sai in tashi in ce wa ya ɗauka? Abadan. Gara ƙasa ta rufe ni." Sannan ta ce, "In kuma na ce wa Kubra ruwa ya ci, za ta ce malesh, ba komai Gogo, ƙaddara ce. Bakinta zai faɗi haka. Zuciyarta fa? Mace ta tafi da zinariyar mutane a ɗaki, ta dawo ga sabon ɗaki, zinariya babu. Ko ni aka ba wannan labari sai na yi tunani."

Gwadabe ya dubi jihaz ɗinsa da ke jingine a lungu. Tun da ya saye shi ba a taɓa ɗora masa abin da ya fi cokali nauyi ba, ga shi yau an ɗora masa mutuncin tsohuwa. Amma ya ce, "Gobe ba ni zuwa gareji, Gogo. In sha Allahu yana nan."

Alhamis da hantsi suka fitar da gado da tabarmi, ya sa abin ji a kunne ya fara daga ƙuryar ɗaki. Bai yi taku biyu ba na'ura ta yi kuka. Gogo ta miƙe tsaye, hannu a ƙirji. Ya tona, ƙusa ce. Ta koma ta zauna. Aka sake kuka, ta sake miƙewa, murfin kwalba ne. Haka aka yi ta yi, tana tashi tana zama, har ya ji kamar ya roƙe ta ta shiga gidansu ta jira, don kowane tashi nata a ransa yake jin sa. Ya gama ɗaki ya fito tsakar gida, ya bi shi layi-layi kamar mai shuka. Kafin azahar an tara ƙusoshi cike da kwano, da makulli biyu, da wani zoben tagulla da Gogo ta ce tun tana amarya ya ɓace. Ta karɓa ta ajiye ko kallo na biyu ba ta yi masa ba.

Rana ta take, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Gogo ta ce, "Halas, ɗana, bari haka. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya yi maka albarka." Ta faɗa a natse, kuma natsuwar ce ta fi kuka tayar masa da hankali.

Ya cire abin kunne ya tsuguna a gabanta. "Gogo, bar maganar gado. Sabon ɗakin nan ba a kan sawun tsohon muka aza shi daidai ba, mun ja shi baya saboda hanyar ruwa. Ba ki da wata alama da ba ta motsi?"

Ta yi ɗan tunani, ta nuna bishiyar dogonyaro da ke tsakar gidan. "Daga gindinta zuwa kan gadona taku bakwai ne, ta gabas. Nawa takun, ba naka ba."

Ya kama hannunta ta taka. Taku na bakwai ya ajiye ta a waje, dab da ƙofar sabon ɗaki. Ya riga ya bi wurin da na'ura ba ta ce komai ba, amma ya durƙusa ya sa hannu. Maimakon baƙar ƙasa mai tauri, sai ga yashi da toka da guntayen jan bulo. Ƙasar ciko ce. Ya san ta sarai, domin shi ya zubo ta.

Nan take ranar nafir ta dawo masa. Usta Idirisu ya ce kada a wahala sayen ƙasa, ta tsohon ɗaki ta fi kowace, ta riga ta saba da gini. Suka kwashe ɓaraguzai, da bai isa ba suka haƙa daɓen har gwiwa. Abin da ya jiƙu aka taka aka yi laka. Manyan curarrakin da suka ƙi narkewa kuwa, Usta ya ce a jera su a gindin gini a bi da laka, haka ake yi, babu abin da ake zubarwa. Wa ya tura baron curarrakin? Gwadabe. Har ya tuna wani mulmulalle mai nauyi da ya ɗaga yana wasa, yana ce wa abokai ga kankana.

Ya miƙe ya ɗauki jihaz, ya karkata faifan ya manna a jikin bango.

Mero ta ce, "Ya salam! Ƙasa ta ƙare, yau kuma katanga za a yi wa awo?"

Ya zagaye ɗakin ta ƙasa-ƙasa, babu komai sai ƙarfen ƙofa. Ya koma kan katangar da ta raba gidajen biyu. A tsakiyarta na'ura ta yi ƙara, ya fasa da guduma da dogon sukurdireba, sai ga gwangwanin tumatir a murƙushe. Wannan karon Gogo ko motsi ba ta yi ba. Ya ci gaba. Dab da inda randunan ruwa suke, taƙi ɗaya daga ƙasa, sai ta saki wani kuka mai faɗi, mai kauri, wanda bai taɓa ji a bakin kogi ba.

Ya ajiye guduma ya koma sassaƙa a hankali. Laka ja ta yi ta zuba, har ya ɓulle ya hango tsakar gidansa. A gefen ramin ga wani abu baƙi ya lafe. Ya zagaye shi da yatsa, ya jijjiga, ya zaro. Curi ne na baƙin yumɓu, ga sawun yatsu huɗu a jikinsa, ƙanana, sun bushe tun shekara uku.

Bai fasa ba. Ya kai mata da hannu biyu. Gogo ta ɗora yatsunta a kan sawun, suka zauna daram. Ta buga shi da ƙafar gado, yumɓu ya dare, ga leda, ga gwangwanin shayi. Murfin ya ƙi buɗuwa sai da Mero ta sa wuƙa. Gogo ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, leɓunanta na motsi. Da ta kai kan 'yan kunne sai ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rungume gwangwanin tana kuka kamar yarinya, tana "Alhamdu lillahi" babu ƙaƙƙautawa. Mero ma kukan take. Gwadabe ya juya baya wai yana kashe na'ura.

Da ta lafa ya ce, "Gogo, ki yafe mini. Ni na ɗauke shi da hannuna, ni na kai shi gindin katangar nan. Har wasa na yi da shi, na ce kankana ce."

Ta share ido da bakin mayafi ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata. "Kai dai Allah ya shirye ka. Ɓarawon da zai sace ya gine wa mai kaya a katangarta, daga kanka na fara gani."

Da za su shiga gida Mero ce ta ɗauki jihaz ɗin, ta kaɗe masa ƙura, ta jingine shi a inuwa.

Juma'ar nan Gwadabe bai je bakin kogi ba. Yana tsugune ta ɓangarensa yana kwaɓa laka zai toshe ramin, ya ji raksha ta tsaya, ya ji sallamar Kubra. Ta ramin yake jiyo su. Bayan gaishe-gaishe Gogo ta miƙa gwangwani, Kubra ta karɓa za ta jefa a jaka.

"Buɗe ki duba," in ji Gogo.

"Haba Gogo! Abin da ya kwana a hannunki ne zan buɗe?"

"Na ce ki buɗe."

Ta buɗe, ta ce komai tamam. Gogo ba ta tsaya nan ba, ta kwashe labarin duka ta faɗa mata, tun daga ruwa har katanga, ba ta rage ko ƙusa ba. Kubra ta yi ta salati, sannan ta ce, "Wallahi Gogo, ko da ya ɓace ba zan taɓa ce miki komai ba."

"Na san ba za ki ce ba," in ji Gogo. "Abin da ya hana ni barci ke nan."

Can Kubra ta sumbaci kan tsohuwar, ta jaddada mata ranar biki, raksha ta tashi.

Gwadabe ya ɗebo laka zai liƙa, sai ya ga ido ɗaya ta ramin.

"Gwadabe, kana nan?"

"Ina nan, Gogo."

"Dakata da toshewar nan tukuna. Ce wa Mero ta ɗora gahawa, ta sa citta da yawa, ta miƙo mini ta nan. Yau kwana biyar ban san ɗanɗanon komai ba."

Ta ramin aka miƙa mata finjali na farko, ya dawo babu komai. Aka miƙa na biyu. Gwadabe yana zaune, laka tana bushewa a hannunsa, bai motsa ba sai da na uku ya dawo.