Ƙawar Cikin Gem

"Yaya, tsaya, kar ma ki cire takalmi! Zo ki ga abin da na yi da hannuna!"

Maman Shalele ta ja yayarta har gaban talabijin, dariya na cin ta. A ƙasa ga baƙin akwatin wasan gem ɗin da mijinta ya aiko wa 'yarsu daga inda yake aiki, 'yar fitilarsa na ƙyalli.

"Ni na haɗa shi da intanet, ni kaɗai! Babanta ya ce in jira ya dawo, na ce wa zai jira wata uku? Na kwafi lambar waifai a takarda, sau biyar yana ƙi, ashe babban baƙi ne a farko. Sai ya yi ta jero tambayoyi da Turanci. Ni dai yes na sani, na yi ta danna masa."

"Duka?" in ji Yaya.

"Duka mana. Da ya nemi shekara na sa tawa, ita na haddace. Amma ba wannan ne labarin ba. Shalele ta yi ƙawa! Yarinyar da ko a aji ba ta buɗe baki saboda i'ina. Yanzu sati biyu, tana dawowa sai gem, tana rubutu tana ƙyalƙyala dariya. Wallahi ranar farko kicin na shiga na yi kuka."

"'Yar gidan wa ce?"

"A ciki suka haɗu. Shekararta takwas ita ma. Ga hotonta, 'yar kyanwa."

Yaya ta ajiye jaka, ta karɓi hannun gem ɗin. Malamar makaranta ce, karatu ba ya ba ta wuya. Ta buɗe saƙonnin, tana gangarawa. Maman Shalele ta tsaya tana jiran a yaba mata.

"Yaya, ki karanto mana."

"Yarinya 'yar shekara takwas ba ta rubutu haka." Muryar Yaya ta yi ƙasa. "Ta tambayi sunan makaranta. Ta tambayi kalar yunifom. Nan ta ce, babanki yana gida? Nan kuma, wa ke ɗauko ki, ta wace ƙofa?"

"To ai hira ce irin ta yara..."

"Nan ta ce, kar ki gaya wa Mama, sirrinmu ne."

Maman Shalele ta matso kusa da talabijin. Ai Shalele na gaya mata komai. Ko ba komai ba?

"Na ƙarshen na jiya ne," Yaya ta ce. "Ta ce, gobe zan gan ki. Ƙarfe nawa su Shalele suke tashi?"

"Ɗaya da rabi."

Suka kalli agogon bango tare. Biyu saura kwata. Uwar ta saba yin latti, Shalele kan jira ta wajen maigadi.

*

Maman Shalele ba ta san ta fito da silifas wari da wari ba. A mota, ita da Yaya, ta yi ta kiran malamar ajin, ba a ɗauka ba. Kowace danja sai ta tsayar da su. Addu'ar ma ta kasa haɗa ta, sai "Ya Allah, ya Allah."

Ƙofar makaranta ta kusa watsewa. Maigadi na can yana raba wasu direbobi faɗa. Ta duba benci, babu kowa. Ta ƙwala kira, muryar ta fashe.

"Ma-mama!"

Ga ta can a gindin katanga, ta waje, jaka a baya. Maman Shalele ta durƙusa ta rungume ta, tana shafa fuska, hannu, wuya. Lafiya lau.

"Ƙawar taki ta zo?" Yaya ta tambaya a hankali.

"Ba ta da la-lafiya. Kawunta ta aiko. Ya ce in bi shi in gaishe ta, sai ma-maigadi ya leƙo. Ya ce wata rana."

Sai a lokacin Maman Shalele ta lura da kan yarinyar. Da safe kitso biyu ta yi mata, ta ɗaure da baƙar roba. Yanzu a jelar ta hagu akwai jan ribon, sabo fil, an ƙulla shi da kyau, ƙulli biyu, irin wanda Shalele ba ta iya ba tukuna.