Injin Lailatu

Ƙarar kurar ɗaukar kaya ce ta fito da ni daga madafa, muciya a hannuna. Na leƙa ta kan katangar da ta raba gidana da na Lailatu, wadda ruwan bara ya ci rabinta, sai ga Gajere, wan marigayi mijinta, yana shigowa da baya da baya, yana daka wa masu turi tsawa.

"A hankali, ku kiyaye min bel ɗin nan! Ku aje shi can gindin dalbejiya, inda haske ka faɗawa."

Suka sauke injin markaɗe, kore, da jan tankin mai a kansa. A gefensa akwai rubutu da farin fenti. Ni ban yi boko ba, amma Husna, 'yar Lailatu, ta gaya mini sunan uwarta ne. Duk jikinsa ya yi kaca-kaca da busasshen tattasai da 'ya'yan tumatir.

Gajere ya naɗe hannun riga, ya ce a kawo bokiti da omo da soso. Wallahi sai da na murza idona. Mutumin da ko kofin da ya sha ruwa ba ya kawarwa, yau ga shi durƙushe yana dirzar ƙarfe, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Gajere, ina kwana? An tashi lahiya?" na ce. "Halan biki za a yi, aka yi ma inji wankan amarya?"

"Lahiya lau, Inna Taibatu. Koma ga tuwonki kada shi ƙone."

Lailatu na tsaye bakin ƙofar ɗaki, ta kai hannuwanta baya. Na san abin da take ɓoyewa, tafin hannun da ya yi kanta saboda taɓarya. Injinta ne, da sunanta a jiki, amma ranar ce ya fara shigowa gidanta.

* * *

Lailatu mutuniyar Tsibiri ce, can ƙasar Maradun. 'Yan bindiga suka harbi mijinta Abdulmumini a cinya yana cikin gonar gyaɗa, suka kora shanun nomansa. Ta kwaso shi da 'yarsu Husna suka yo Talata Mafara, suka sauka a kangon da ke jikin gidana. Ni ma irin wannan masifa ce ta koro ni daga Dakko, don haka ba sai an yi mini dogon bayani ba.

Gajere wan Abdulmumini ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da rumfa a kasuwa da gidan bulo mai ƙofar ƙarfe. Duk jinyar da ƙanensa ya sha, abin da ya yi shi ne ya zo ya tsaya daga zaure, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi ya bar mana ƙamshin turare.

Waɗanda suka zo da abu a hannu 'yan mishan ne. Malama Rifkatu, wata 'yar Zuru mai Hausa tatas, ita ke bi gida-gida inda 'yan gudun hijira suke. Ta ce matan wata coci ne a ƙasar Turawa, tsofaffi irina, suke gasa burodi suna saƙa huluna suna sayarwa. Abin da suka samu sai su aiko a koya wa mata sana'a, a sa 'ya'yansu mata a makaranta. Ni ba na ɓoye-ɓoye, tun ranar farko na tsare ta.

"Malama, addini kuka son mu sake?"

Ta yi dariya. "Inna, riƙe sallarki. Ni an aiko ni in ga yarinyar nan ta shiga aji."

Na kuwa sa mata ido, ban taɓa ganin ta wuce hakan ba.

Suka sa Husna makaranta, suka ɗinka mata shuɗin yunifom da farin hijabi. Lailatu ta riƙa zuwa koyon sana'a tsakanin jinya da jinya, ta iya ta da inji, ta iya ɗaura bel, ta iya tace man gyaɗa har ya yi garau. Tsarinsu shi ne su ɗauki nauyin karatun shekarar farko, sannan duk matar da ta gama koyo a ba ta inji. Da shi za ta ci da kanta, da shi za ta riƙe karatun 'yarta.

Ana gab da raba injunan Abdulmumini ya cika, Lailatu ta shiga takaba. Kowa ya san mai takaba ba ta zuwa taro. Malama Rifkatu ma ta san haka, ta ce ba komai, a turo wakili. To, wa ya fi wan miji cancanta? Gajere ya zuba babbar riga ya je ya karɓa, an ce har da jawabin godiya.

Da la'asar ya zo hannu rabbana. Ya tsaya a zaure ya ɗaga murya yadda unguwa za ta ji, wai kayan masu coci ne, bai kamata su shiga gidan da ake takaba ba, zai ajiye a wurinsa ya tsarkake tukuna. Tsarkin da ya yi wa injin shi ne ya kafa shi a rumfarsa, bakin layin masu tumatirin Bakalori. Kai jama'a! Ƙarfen da ya yi ƙazanta a gidan marainiya, a rumfar Gajere ya zama halal tsantsa.

Takaba ta ƙare, inji bai zo ba. Lailatu ta koma turmi. Gyaɗar da inji zai markaɗe kafin ka juya, sai ta wuni tana daka, ɗan abin da ta fitar kuma sai an bi da shi layi-layi. Husna ta fara fashin makaranta ranar kasuwa, daga nan ta haɗa da washegari. Yarinyar da malamansu ke cewa kanta na ja, ita ce ke yawo da farantin ƙuli-ƙuli a tasha.

* * *

Da Gajere ya gama wankinsa na tsallaka ta ɓaraurakar katanga na shiga, don na ga alamar akwai magana. Ya yarfe ruwan hannunsa ya kira Lailatu.

"Matar can ta mishan na tahe da hantsi. Wai za ta ɗauki hoto mai motsi ta aika ma Turawanta. Ki sa zane mai kyau, ki yi hwara'a. Ɗiyar ga ta sa kayan makaranta."

"Yaya," in ji Lailatu, muryarta ƙasa-ƙasa, "in an gama za a bar min shi? Husna na da jarrabawa bana. In ta ci gaba da talla, karatun ya tashi."

"A bar miki mi?" Ya matso. "Saurara ki jiya. Husna ɗiyar ƙanena ta, jininmu ta. Tausai yas sa na ƙyale miki ita. In kinka buɗe baki gaban matar can, gobe-goben ga in tara mutane in ce kin sai da addininki don ƙarhe, in ɗauke ta. Mu ga wanda za shi ce a bar ɗiyar Musulmi hannunki."

Raina ya ɓaci.

"Kai Gajere, ka ji tsoron Allah! Ita da ko taɓa injin ba ta yi ba, ita ta sai da addini? Kai da ka wuni kana markaɗe da shi, kai ne waliyyi? Abincin marainiya hwa kaka ci!"

Ya dube ni ya yi wani murmushi. "Inna Taibatu, ke ma an ga matar tana shiga gidanki."

Ya san inda yake taɓawa. A garin nan irin wannan magana ba abin wasa ba ce. In ta fito daga bakin mai gemu, ba mai tsayawa tambayar shaida. Ni dai na tsufa, me ya rage da zan ji tsoro? Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ji an riƙe gefen zanena.

"Inna, don Allah," Lailatu ta ce. "Husna kaɗai ta rage min."

* * *

Da hantsi ɗan kabu-kabu ya sauke Malama Rifkatu. Gajere ya tarbe ta tun daga zaure, baki har kunne. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, yaya mutanenmu na can ƙetare, Allah ya saka musu da alheri. Shi ya shimfiɗa mata tabarma da hannunsa. Da ba a gabana aka yi ta safe ba, da na ce ba a taɓa yin mutumin kirki irinsa ba.

Malama ta kama hannun Lailatu suka gaisa. Na ga ta ɗan daɗe ba ta saki ba, babban yatsanta na shafa tafin. Sannan ta fito da waya.

"To, Lailatu, ta da shi mu gani."

Lailatu ta naɗa igiya ta fizga, ja ɗaya inji ya kama. Duk tsawon watannin nan hannunta bai manta ba. Na dubi fuskarta, wallahi na ɗan lokaci ta koma yarinya. Husna ta miƙo kwanon soyayyiyar gyaɗa, uwar ta zuba, ta tara roba a baki.

Markaɗen ya fito ja.

Gajere bai taɓa wanke ko cokali ba, ina zai san ana kwance bakin inji a wanke ciki? Ya dirje waje har yana ƙyalli, ya bar tattasan jiya maƙale a cikinsa. Ƙamshin gyaɗa ya gauraye da yaji, Husna ta yi atishawa.

Malama Rifkatu ta lakato da yatsa ta ɗanɗana. Ta sauke wayar.

"Malam, a ɗan ba mu wuri, maganar mata za mu yi."

Ya koma zaure, amma bai yi nisa ba, muna jin gyaran muryarsa. Malama ta kashe injin da kanta, ta matso kusa.

"Lailatu, gaya mini gaskiya. Injin nan a nan yake kwana?"

Lailatu ta dubi Husna cikin shuɗin yunifom ɗinta, wanda ya fara ɗage mata a ƙafa. Ta dubi zaure.

"Nan yaka kwana, Malama. Maƙwabta ka kawo markaɗen miya."

"Hannunki fa?"

"Tsohon kanta na, tun na Tsibiri."

Malama ta juyo ta dube ni, don ta san ni da baki. Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Sai na ji ƙafar Lailatu a kan tawa, tana danna mini yatsu. Na haɗiye, na kau da kai na kalli dalbejiya. Ban taɓa haɗiyar abu mai ɗaci irinsa ba.

Malama ta mai da dubanta ga Lailatu. Ba wawiya ba ce, ta gane sarai. Amma ita ma baƙuwa ce a garin, kuma 'yar coci. In ta ta da rigima da mutum irin Gajere ba tare da bakin mai kaya ba, gobe ƙofar duk matan da take shiga za a rufe.

"In kin ce nan yake kwana, ba ni da ikon cewa ba haka ba," ta ce a hankali. "Amma kin san inda nake. Ko yaushe ne."

Ta ɗaga wayar. Aka sake ta da inji. Husna ta tsaya gefen uwarta ta yi godiya da Turanci, tiryan-tiryan ba gargada, ta ce tana son zama malamar asibiti. Lailatu ta yi fara'a kamar yadda aka umarce ta. Ni kuwa tunanina na can wurin tsofaffin nan masu gasa burodi, yadda za su taru su kalla su tafa, su ce wahalarsu ta yi rana.

Ƙarar babur ɗin Malama ba ta gama ɓacewa ba masu kura suka dawo. Gajere ya bar wa Lailatu robar jan markaɗen, wai ta gode Allah. A gindin dalbejiya sai sawun ƙafafun inji da ɗigon baƙin mai.

* * *

Ranar Talata na shiga kasuwa sayen kayan miya. Tun daga nesa nake jin kukan injin, na san muryarsa yanzu. Mata sun yi layi da robobin tumatir a rumfar Gajere, shi kuma yana kan benci yana jan carbi.

A tsakiyar layin na hango farin hijabi. Husna ce, da kwanon gyaɗa a ka, a daidai lokacin da 'yan ajinsu ke zaune gaban allo. Wuyan hannun uwarta ya kumbura, ba ta iya ɗaga taɓarya, dole ta aiko a markaɗa. Hijabin makarantar ta sa, don shi kaɗai ne nata da bai yage ba.

Layi ya zo kanta. Ta durƙusa ta gaida Bappanta, ya amsa ba tare da ya dube ta ba. Ya sa gwangwani ya ɗebi ladan markaɗe daga cikin gyaɗar, ya cika shi har yana zuba, sannan ya ce a zuba sauran.

Tana jira, sai na ga ta sa yatsa a gefen injin tana kankare 'ya'yan tumatir da suka bushe a kan farin fenti. Ta kankare harafi ɗaya, ta koma na gaba, leɓɓanta na motsi. Duk layin nan ita kaɗai ta iya karanta abin da ke wurin.

Gajere ya ɗago kai daga carbinsa.

"Ke! Ɗauke hannunki daga kayan mutane."