Shekarar da Aka Ce Ni Mawaƙiya Ce

Ina tsaye gaban mai kabeji a kasuwa, ina matsa guda ɗaya in ji ƙwarinsa, wayata ta yi ƙara. Wata mace ce mai muryar ofis. Ta ce sunanta Eom, daga kwamitin da ke ba da lambar yabo ta wasannin kwaikwayo na waƙa da rawa duk shekara.

"Da Malama Gu Yeon-sil nake magana? Ina taya ki murna. Sunanki ya fito a takarar mai tsara waƙoƙi ta bana. Wasanku ma ya shiga takarar sabon wasan waƙa mafi kyau."

"Wane wasan?"

"Gidan Wankan Unguwarmu."

"Ranki ya daɗe, anya ba lamba kika ɓata ba? Namu ai ba na waƙa ba ne."

"Alƙalai sun ce na waƙa ne," in ji ta. "Ki turo mana waƙoƙin a rubuce. Kuma za ki rera ɗaya ranar biki."

Na baro kasuwar ba kabeji.

Malam Bang Deok-su ne ya rubuta wasan, dattijon da ya haura saba'in, wanda duk Daehangno, unguwar 'yan wasan kwaikwayo, an san ba abin da ya tsana kamar wasan waƙa. Yakan ce, "Mutum yana cikin makoki sai kawai ya miƙe ya kama tsalle. Wannan hauka ne da fitilu." Labarin wani tsohon gidan wanka na jama'a ne da za a rushe, ni kuma na fito a matsayin matar da ke cuɗa wa mata baya. Mun yi shi a wani ƙaramin zaure na ƙarƙashin ƙasa, inda idan mai kallo ya miƙe ƙafa sai ta taɓa dandamali. Akwai wani ƙaton baho na katako da ake turawa ciki da waje tsakanin fitowa da fitowa, kuma turin yana cin lokaci. Shi ya sa daraktanmu, Yaya Ma Tae-gon, ya ce in riƙa goge ƙasa a gaban labule kada mutane su gaji da jira. Shirun ya yi mini yawa, sai na riƙa rera duk abin da ya zo bakina. Iyakar waƙar ke nan.

Na sami Yaya Ma a shagon miyar da muke ci kullum, Malam yana gefensa ya haɗe rai, shinkafarsa ta huce.

"Yaya, ka fahimtar da ni," na ce. "Kaina ya ɗaure."

"Bana shekarar fari ce," in ji shi. "Manyan kamfanoni duk tsofaffin wasanni suka farfaɗo da su, ko suka sayo na waje suka fassara. Sababbi na gida biyu kacal aka yi. Dokarsu kuwa, in ba a kai uku ba a soke rukunin gaba ɗaya. Sai suka bazama nema."

"Suka tsinto mu," in ji Malam. "Cikon benci."

"To mu ce ba ma so mana."

"Mu ce ba ma so?" Yaya Ma ya ajiye cokali. "Tunda aka kafa ƙungiyar nan wa ya taɓa kiran sunanmu a talabijin? Ko mai gidan da muke haya bai riƙe shi ba."

"Ni ban rubuta wasan waƙa ba," in ji Malam. "Ke, Yeon-sil, da izinin wa kika yi ta waƙa a cikin wasana?"

"Malam, ai kana zaune a layin gaba kullum."

"Na zaci tari ne ke damunki."

Matsalar da ta fi wannan ita ce babu waƙar da zan tura. Kowace rana abin da nake rerawa daban ne. Ranar da gwiwata ke ciwo, waƙar gwiwa ce. Ranar da 'yata ta kira daga birnin Busan ta ce ba za ta zo hutu ba, ita na yi wa. Na koma na kira Malama Eom na tambaye ta wacce alƙalan suke nufi. Ta ce bari ta bincika. Da ta dawo muryarta ta canza.

"Ɗaya ya ce waƙar sabulun da ya ƙare ce ta sa shi hawaye. Ɗaya ta ce ta yarinyar da ta ƙi dawowa gida. Na ukun ya ce ta farashin kifi. Malama Gu, waƙoƙi nawa ne a wasan?"

"Ban sani ba."

"To wa zai sani?"

Ban tuna ko ɗaya ba. Na zauna a ɗaki da tsumman goge ƙasa a hannu ko za su dawo, ba su dawo ba. Kwamitin ya turo mini mai fiyano, wani mutum mai haƙuri, ya ce in rera ya bi ni. In na rera ya rubuta, sai ya ce in maimaita, sai wata daban ta fito. Da la'asar ya rufe fiyanon a hankali, ya rusuna ya ce, "Malama, ranar ki fara kawai. Zan biyo ki in na iya."

Malam kuwa ya rantse ba zai je bikin ba. Sai ga shi ya riga mu isa, cikin kwat ɗin da ya aurar da ɗansa da ita.

Zauren bikin ya fi namu girma ninkin ba ninki. 'Yan wasa na farko suka cika dandamali da takubba da hayaƙi. Na biyun suka yi rawa a kan kujeru. Sai aka kira ni. Na fito ni kaɗai, cikin takalmin aro mai tsini, fitila ta kashe mini ido. Mai fiyano ya ɗaga kai yana jira. Ba abin da ke kaina sai takalmin. Sai na rera shi: cewa ya matse ni, cewa ba nawa ba ne, cewa ban san wanda ya ce in tsaya a nan ba, kuma in an gama ina so in zauna. Aka yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke, zauren ya yi tsit. Da na gama wasu suka miƙe suna tafi, wasu suna kallon juna. Na kasa gane ko na yi abin kirki ne ko na kunyata mu.

Masu takubba suka cinye lambobin duka biyu.

Washegari da rana muka haɗu cin taliya mai sanyi. Yaya Ma ya karanto mana abin da wani mai sharhi ya rubuta: wai na yi amfani da takalmin aro na caccaki masana'antar da ta koma rayuwa a kan kayan aro.

"Haka kike nufi?" ya tambaye ni.

"Yaya, ƙafata ce ke ciwo. Ga ƙurjin nan."

Malam bai taɓa taliyarsa ba. Can ya buga tebur har romon taliyar ya fantsalo.

"Takubba! Hayaƙi! Wannan ne ya fi namu? Waɗancan alƙalan kurame ne."

"Malam," na ce, "ba kai ka ce namu ba wasan waƙa ba ne?"

"Ba shi ba ne."

"To me ya ɓata maka rai?"

Ya dubi Yaya Ma kamar amsar tana wurinsa. Daga ƙarshe ya ja kwanon gabansa ya ce, "Ki ci abincinki."

Yaya Ma ya jira muka kusa gamawa kafin ya faɗa mana cewa wani zaure mai kujeru masu yawa ya kira, suna so mu sake yin wasan a lokacin kaka, amma da ƙarin waƙoƙi. Na zuba ido in ga Malam ya tashi ya fita. Sai ya goge baki ya ce shi zai rubuta baitocin da kansa, tunda an ƙi a bar masa wasansa lafiya. Na ce ni fa ba na iya rera abu ɗaya sau biyu. Ya ce in koya.

Yanzu mako na uku ke nan muna gwaji. Baitocinsa dogaye ne, numfashina yana ƙarewa kafin in kai ƙarshen layi, shi kuma ba ya yarda a cire ko kalma ɗaya. Jiya ya tsayar da ni a tsakiyar waƙa, ya juya wajen Yaya Ma ya tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, ko za a iya sa 'yar rawa kaɗan a wurin.