Motsi na Tara

Allon ces, darar Turawa, a naɗe, agogon gasa mai fuska biyu, littafi ɗaya da ya sha yatsa, rabin biro. Abin da Mai Walda ya rungumo ke nan a bayan babur, bai ce wa mai tuƙin komai ba sai "Ƙara wuta."

Wata huɗu ya yi yana bin diddigin wani malamin lissafi da bai taɓa cin sa ba a gasar 'yan koyo. Takardun wasansa, inda ake rubuta kowane motsi, talatin da ɗaya ya tattara, ya gano kullum da dokin hagu mutumin yake buɗewa, kuma a motsi na tara yakan bar sarkinsa a sake. Nan ya haƙa masa rami. Mutum ɗaya tak ya nuna wa, yayansa Tela, abokin gwajinsa.

Yau a motsi na tara malamin ya yi murmushi ya kauce. Wasa ya watse wa Mai Walda.

A kan keke ya iske yayan yana ɗinki.

"A'a, gwani! Ina kofin namu?"

Mai Walda ya sauke masa agogon a goshi, gilashi ya tarwatse. Tela ya kifa da kujera, Mai Walda ya haye ruwan cikinsa, ya murɗe tef ɗin awon da ke wuyansa, yana kirɓa masa naushi a baki.

"Kai ka gaya masa, Yaya! Munafuki!"

Da ƙyar Tela ya lalubo dutsen guga ya maka masa a haƙarƙari. Suka rabu kowa na haki. Tela ya tofar da haƙori a kan yadin mutane.

"Ko kamanninsa ban sani ba. Miƙo takardar wasan."

Ya zaro ta daga aljihu ya wurga masa. Tela ya share jini daga ido ya duba. Layi na tara zuwa na goma sha biyu an cike su, an soke.

"Wannan fa?"

"Rubutawa na yi tun kafin in buga, kar in manta."

"Da wannan rubutun naka kamar na allon talla? Malamin makaranta ne fa, sakarai. Karanta takarda a juye ai aikinsa ne."

Mai Walda ya fizgi takardar ya juya ta, ya karanta rubutunsa tar.

Tela ya tura masa allon da ƙafa har waje, ya jira ya bi kayansa, ya ja ƙofar shago ya sa sakata.

"Ka nemi wani abokin gwajin," ya ce daga ciki. "Ni na gama zama gabanka."