Jirgin da Ba Shi da Faci

A rundunarmu ta jiragen leƙen asirin Jamus, lokacin yaƙinmu da Faransa, duk hujin da harsashi ya yi a fiffike sai a yi masa faci, a zana 'yar da'ira a kai. Wanda jirginsa ya fi faci, shi ne namiji. Jiragen ba su da bindiga ko ɗaya. Katako ne da yadi, fiffike sama da ƙasa, hafsa a kujerar gaba da taswira, matuƙi a baya.

Matuƙina Kofur Alois Wehrlin ne, mutumin Alsas, can bakin iyakar Faransa, inda mutane ke da dangi a ɓangaren Faransawa. Tun da aka fara yaƙi ba a taɓa huda jirginmu ba, don yakan haura sama sosai kafin ya ƙetare bakin daga. Nan ƙus-ƙus ya fara.

"Kai Alois," in ji Kuno makanike, bakinsa cike da burodi, "kawunnanka na can ba sa harbinka ne? Ko hannu kake ɗaga musu?"

Aka yi dariya, ban da shugabanmu, Kyaftin Rodewald. Ya ja ni gefe.

"Laftanar, kana gaba, yana bayanka. Ka san abin da yake jefa wa Faransawa ƙasa?"

"Yallaɓai, rabin facin jiragen nan sojojinmu ne suka jawo shi. Sojan ƙasa in ya ga jirgi harbi kawai yake, ba ya duba alama. Na faɗa, na sake faɗa, a koya musu!"

"Sojan Jamus ba ya harbin nasa. In makon nan ya ƙare jirginku babu huji, kotun soja za shi."

Ashe Alois ya ji. Washegari muna sama, ni kaina sai da na riƙa waiwaye ina kallon hannayensa.

A hanyar dawowa, muna isowa kan ramukan sojojinmu, sai ya kifa hancin jirgin. Na yi masa ihu, ƙarar injin ta cinye muryata. Ya sauko har ina hango tukwanen miyarsu, ya bi layin a hankali. Suka buɗe mana wuta.

Ya sauke mu lafiya, amma shi sai ciccibo shi aka yi. Harsashi ya farfasa masa gwiwa.

Kyaftin ya zagaya jirgin yana zura yatsa a huji. "Lallai Faransawan nan sun iya saiti."

"Namu ne!" na ce. "Da idona na gani!"

Alois ya kamo gefen rigata daga inda aka shimfiɗe shi, haƙora a cije.

"Ranka ya daɗe, rufa mini asiri. Faransawa ne."