Safar da ke rataye a shinge

Aukje ta gama tonon dankali tun da hantsi, ta binne karas cikin akwatin yashi, ta tumɓuke itatuwan tumatir ta zuba a juji. Kabeji kaɗai ta bari a tsaye, don shi sai sanyi ya dake shi yake daɗi. Saura ta kulle rumfar kayan aiki, lambu ya huta sai bazara. Tana jera kaya hannunta ya kai kan gwangwanin irin wake, ta ji shi sakayau. Ta buɗe, ko ƙwaya ɗaya babu.

Wiebe, mijinta, ya shuka irin duka a watan Mayu, ya rasu a Yuli. Shekara arba'in yana barin layin ƙarshe ya bushe a kan sanduna saboda iri. Ita kuwa bana, da baƙin ciki ya hana ta zama wuri ɗaya, ta bi layi-layi ta tsinke waken tas yana ɗanye, ta yanka ta cika tuluna da gishiri. Waken kakarsa ne, mai ɗigon ja, wanda ko ka zagaye shagunan yankinsu na Friesland ba za ka samu ba. Da hannunta ta kashe shi, ga shi can ɗakin ƙasa cikin gishiri.

Tana fitowa daga rumfar ta hango safa rataye a shinge, ta ulu, ruwan toka.

Ta san wannan al'ada sarai. Duk ranar rufe lambu Wiebe kan rataya safa ɗaya a shingen da ya raba su da maƙwabcinsu Douwe, da safe a neme ta a rasa. Ta sha tambayarsa, sai ya ce iska yake aunawa. Shi da Douwe ba sa ga-maciji tun shekara ashirin da biyu, a kan reshen itacen tuffa da Douwe ya sare ba da izini ba, don haka ta ɗauka wani zagi ne na maza da ba ta gane ba. To amma mai ratayawa yana kabari. Wannan kuma wa ya rataya ta?

Ta zungure ta da ƙotar manjagara. Da nauyi, kuma wani abu na ƙas-ƙas a ciki. Can ƙetaren shinge Douwe yana baza taki, ya ba ta baya, wai shi bai san da mutum ba.

"Maƙwabci," ta ce, "safarka ce ta gudo daga igiyar shanya?"

"Ina na ga ƙafar da za ta cika wannan?" in ji shi, bai juyo ba. "Ta mijinki ce. Ƙafarsa ai kwale-kwale ce."

Ta kwance bakin safar ta zazzage a tafin hannu. Wake ne busasshe, mai ɗigon ja. Ta ɗago ta dubi Douwe.

"A ina ka samu?"

"A lambuna mana. Bayan rumfa, inda idonki ba ya kaiwa." Ya dogara da shebur. "Kakarsa takan ce iri ba ya kwana a gida ɗaya. Tun muna samari yake ba ni, in shuka. Shekarar da ɓeraye suka cinye nasa, wa kike tsammani ya rufa masa asiri?"

"Kuna gaba, kuna musayar wake?"

"Faɗa daban, wake daban. Waken ya sari reshen wani ne?"

Sai a lokacin wani abu ya faɗo mata. Shekara da shekaru tana zagin injin wanki a kan safar Wiebe da ke dawowa ɗaya-ɗaya, har mai gyara ta taɓa kira. Ashe a cikinsu yake aika wa Douwe iri.

"Ina sauran?"

"Ashirin da ɗaya, suna cikin akwati. Ban taɓa samun hanyar maido su ba." Ya goge hanci da bayan hannu. "Na ga ranar da kike tsinke layin ƙarshe. Na buɗe baki, sai na tuna ba ma magana."

"Da ni kake faɗa?"

"Oho. Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Dariya ta kusa kuɓuce mata, amma da ta dubi fuskarsa sai ta fasa. Tsohon ya rame, kuma shingen yake kallo, ba ita ba.

"Yau da sassafe na fito in ɗauka," ya ce. "Sai da na zo nan na tuna babu mai ratayawa, shi ne na rataya da kaina."

Tausayinsa ya kama ta fiye da nata. Ta koma rumfa ta juye rabin waken a gwangwani ta danne murfi, ta kulle ƙofa. Sauran ta mayar cikin safar, ta ɗaure, ta rataya a inda ta same ta.

"Ina da nawa," in ji Douwe.

"Ban tambaye ka ba."

Ya miƙo hannu, sai kuma ya janye, ya ɗauki sheburinsa.

"Bar ta nan," ya ce. "Da safe nake ɗauka."