Hannayen Ra'isa

Kowa a kasuwar Garwa ya san Iyatu mai atamfa, kuma kowa ya san ba a ganin haƙorinta a banza. Mace ce mai jiki, mai nauyin tafiya da nauyin baki, irin matan da ko akuya ta ɓarar musu da gari sai sun gyara mayafi kafin su kore ta. Ta daɗe a gidan Mahmudu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba ta taɓa kai kukan abin wurin kowa ba, amma yana cin ta kamar yadda gara ke cin azara.

Ƙanenta Ziyad ne ya tafi birnin Guangzhou, can gabashin duniya, sarin kaya, garin ya riƙe shi. Ya auri 'yar can, suka haifi mace, ya raɗa mata suna Ra'isa. Matar ta riga shi rasuwa, shi ma ciwo ya ɗauke shi yarinyar tana shekara biyar. Ba a bar mata kowa ba sai kakarta ta wajen uwa, tsohuwar da idonta ya fara dushewa. Da labari ya iso Garwa, Iyatu ta yi kukanta ta share hawaye, ta ce wa mijinta, "Malam, jinina ba zai tashi a hannun maƙwabta ba. Ni zan je in ɗauko ta."

Har yau idan ta tuna tafiyar nan ba ta iya rantsewa cewa a farke ta yi ta. Jirgi ya miƙa ta ga jirgi, rana ta fito a lokacin da jikinta ke cewa dare ne. Ta sauka a wani gari mai ɗumi da laima, hanya a kan hanya, gidaje sun shige cikin gajimare, ga wanki na lilo a tagogin da ko shaho sai ya yi niyya zai kai. Wani Gédéon, mutumin Guider da ke aikin aika kayan 'yan kasuwa, shi ya tarbe ta, shi ya zama bakinta da kunnenta.

Kakar ƙanƙanuwa ce, gashinta fari fat, ba ta wuce kafaɗar Iyatu ba. Ta zuba mata shayi marar sukari a wani ƙoƙo da bai fi maƙurwa biyu ba, yana ƙarewa tana ƙarawa. Sannan ta ɗauko wata tukunya ta nuna mata, ta yi magana.

"Ta ce tukunyar Ziyad ce," in ji Gédéon. "Tun da ya auri 'yarta ta saye ta, alade bai taɓa shiga ciki ba. Ta ce ki ci da kwanciyar hankali."

A nan Iyatu ta ji ƙaunar tsohuwar ta kama ta. Yarinyar kuwa tana bayan kujera tana leƙe, idanun na can ne, goshin da haɓar kuwa na Ziyad ne sak.

Takardu suka ja lokaci, yau a ce ofishin nan, gobe a ce ofishin jakadanci. Kullum da sassafe tsohuwar takan kama hannun jikarta su gangara wani lambu a bakin kogi, Iyatu na biye da carbinta. Hazo yakan kwanta a kan ruwa, ga wasu manyan itatuwa masu saiwoyi a reto kamar gemun tsofaffi. A ƙarƙashinsu tsofaffi suke jeruwa, ba ganga ba waƙa, su ɗaga hannaye a hankali, su tura iska gaba, su janyo ta, su juya kamar masu tafiya a cikin ruwa. Ra'isa takan tsaya a daman kakarta tana yin duk abin da ta yi. Kallon yakan sa Iyatu gyangyaɗi, har ta rasa ko mutane take gani ko inuwarsu. Sau da yawa tsohuwar ta yafito ta. Iyatu sai ta yi murmushi ta girgiza kai, a ranta tana cewa rashin aikin yi ne.

Ranar rabuwa tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta shafa fuskar yarinyar da yatsu tun daga goshi har haɓa, sannan ta ce a gaya wa Iyatu: yarinyar ba ta da zaɓen abinci, ba ta da rigima, abu ɗaya ne, da safe a ƙyale ta ta yi abinta. Iyatu ta ce to. Hankalinta yana kan fasfo da akwatuna, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Sun iso Garwa farkon damina, kogin Binuwai ya fara cika. Washegari bayan sallar asuba Ra'isa ta fito tsakar gida, ta tsaya a gindin dalbejiya, ta ɗaga hannayenta a hankali. Yaya Sharifa, yayar Mahmudu da ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta, ta fito da buta ta ci karo da abin. Ta saki butar, ta rafka salati har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kunya ta rufe Iyatu. Ta yi sauri ta cafke hannayen yarinyar ta sauke su ƙasa.

"Bari! Nan ba a yin haka."

Yarinyar ba ta jin Hausa, amma ta ji riƙon. Ta dubi Iyatu, ta zare hannayenta ta ɓoye su a baya. Daga ranar ba ta ƙara yarda goggonta ta taɓa ta ba. In Iyatu ta zo yi mata wanka sai ta maƙale a bango, in ta miƙo mata kunu sai ta kau da kai. Sai Mahmudu ya dawo daga shago take karɓar 'yar loma a hannunsa. Iyatu ta ɗinka mata riguna, ta sayo mata makala, wato fanke, mai zafi wurin Béatrice maƙwabciyarsu, duk a banza. Ta ƙetare duniya ta ɗauko 'ya, ga ta a ɗakinta, amma ba ta samu ba. Abin ya fi mata rashin haihuwar zafi.

Ita kuwa Ra'isa ba ta daina ba, wuri ta sauya. Ta koma bayan madafa, inda ake jibge itace. Yaya Sharifa kuwa, da ko allura ta faɗi a gidan sai ta san wanda ya yar, ta gano ta.

"Iska ce," ta ce wa ƙanenta. "Yarinya ba ta magana, ba ta ci, da asuba tana kiran abin da ba ma gani. Akwai malami a garin Tcholliré, a kai ta ta zauna wurinsa har a rabu da abin."

"Yaya, motsa jiki ne," in ji Iyatu. "Da idona na gani, duk tsofaffin garin haka suke yi."

"Motsa jiki? 'Yar shekara biyar wane ciwon gwiwa gare ta? In tsofaffinsu na yi, ai shi ne ma abin tsoron. Ke da kanki ba ke kika hana ta ba?"

Iyatu ta juya ta dubi mijinta. Mahmudu mutumin kirki ne, amma yana ganin wuyan yarinyar na ƙara tsawo, ga yayarsa ta tasa shi gaba safe da yamma. Ya ce a gwada, ba a san inda za a dace ba. Aka yi magana da mai mota. Iyatu ta san irin wannan zaman, a ce wata guda, ya zama shekara, yaro ya dawo bai san mai shi ba.

Ranar tafiya an kwana ana yayyafi. Gari ya waye da hazo, ya taso daga kogi ya kwanta a kan rufin gidaje, har dalbejiyar ta zama kamar zane. Mota ta tsaya a ƙofar gida, Yaya Sharifa na ɗaure ƙunshin kaya. Iyatu ta zagaya bayan madafa don ta kira yarinyar.

Ta same ta tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, hannaye na tafiya a hankali cikin hazon. Iyatu ta fasa kiran. Wannan ne karo na farko da ta tsaya ta kalli abin da kyau. Wurin ƙunci ne, amma yarinyar ta matse kanta jikin itacen, ta bar fili a hagunta, daidai tsayuwar mutum guda. Duk juyin da za ta yi sai ta saci kallon filin nan, ta ɗan jira, sannan ta ci gaba. Ashe ba ita kaɗai take yi ba. Kullum da safe wurin kakarta take zuwa, ita kuwa Iyatu ta zo ta fizge ta daga hannun tsohuwar a gaban mutane.

Tausayi ya cika mata ciki, hawaye ya zubo. Ta cire takalmanta, ta rataye mayafi a kan itace, ta shiga filin ta tsaya. Ta ɗaga hannaye. Kai, abin ba kyan gani! Gwiwa ta yi ƙara, awarwaro suka zube zuwa gwiwar hannu, ta tura iskar kamar mai ture jaki daga rumfa. Ra'isa ta tsaya cak tana kallon ta.

"Innalillahi!" Muryar Yaya Sharifa ce daga bakin madafa. "Mahmudu, zo ka gani, ta kama babbar ma!"

Mahmudu ya zo, mai mota ya biyo shi, Béatrice ta ɗora haɓa a kan katanga da ludayi a hannu. Iyatu tana jin idanunsu a bayanta kamar garwashi, amma ba ta sauke hannu ba. Ta lumshe ido tana laluben abin da ta gani a bakin wancan kogin, ta juya hagu alhali dama ake juyawa, ta kusa faɗawa kan itace.

Sai ta ji wasu 'yan yatsu masu sanyi a gwiwar hannunta. Ra'isa ce ta yi ɗage, fuska a ɗaure kamar malamar makaranta, tana tura hannun sama. Ta zagayo ta buɗe mata tafin hannu, ta daki cinyarta alamar ta ƙara durƙusawa. Ta yi wata doguwar magana da yaren can, da ji faɗa ne. Sannan ta koma wurinta, ta dubi hagunta, ta jira.

"To yanzu sai a kai su su biyu," in ji Yaya Sharifa.

"A kai mu, Yaya," Iyatu ta ce, ba ta waiwaya ba. "Amma a bari mu gama."

Mahmudu ya daɗe yana kallon su. Sannan ya dafa kafaɗar mai motar, suka nufi zaure yana ba shi haƙuri. Ra'isa ta ɗaga hannayenta a hankali, Iyatu ta bi ta.